Zauren Tambaya: Hutu a Gidan Manomi a Karkarar Kano da Jigawa

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon a kan magana ɗaya suke, wato sha'awar da mutanen birni suka fara yi ta zuwa ƙauye su sauka a gidan manomi su yi hutu tare da iyalinsa. Mun zaɓi guda biyar daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Tarauni da iyalina. 'Ya'yana a birni suka taso, ba su taɓa ganin gero a tsaye a gona ba, kuma dangina na ƙauye duk sun watse. Na ji ana cewa sauka a gidan manoma ya fi zaman otal kiyaye muhalli. Shin gaskiya ne, kuma ta yaya zan sami gidan da zai karɓe mu?
Daga wani magidanci, Tarauni, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, niyyarka mai kyau ce, kuma samun masauki ba zai yi maka wuya ba muddin ka bi ta ƙofar da aka saba bi. Babu mutumin birnin Kano da zai rasa wanda ya haɗa shi da ƙauye: abokin aiki, ko maƙwabci, ko mai kawo maka hatsi daga Dawanau, ko mai gadin unguwarku wanda yake komawa gida duk damina. Ta hannun irin wannan mutum za ka nemi gidan, domin shi ne zai tsaya maka a wurin mutanensa, ya kuma tsaya musu a wurinka. Kafin ka ɗauki iyali, ka fara zuwa kai kaɗai ka gaisa da mai gidan a zaurensa, shi kuma ya raka ka wurin mai unguwa ko dagaci, saboda baƙo ba ya kwana a gari ba da saninsu ba. A wannan zuwan ne za ka ga inda za ku kwana. A bisa al'ada kai da manyan 'ya'yanka maza a zaure ko shagon samari za a sauke ku, maiɗakinka da ƙananan yara kuma su shiga cikin gida, kuma ya kamata kowa ya san da haka tun daga gida don kada a je ana ɓata rai. Kada ku wuce kwana uku a karon farko. Hadisi ya nuna cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya ƙaru a kai sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya yi ta zama har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba.

Batun muhalli kuwa gaskiya ne, amma da sharaɗi. Bari in fara da abin da yaranka za su gani. A gonar manomin ƙasar Kano za su tarar da gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya, kuma wannan haɗi ba na rashin tsari ba ne, domin saiwar wake da ta gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, sannan idan ruwa ya yi gardama wani iri ya lalace, wani zai tsira. Bayan girbi ana ɗaure harawa a ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki don tumaki da awaki, kara ya tafi danga da murhu, dusar da aka samu wajen surfe ta zama abincin dabbobi, kashin dabbobin da tokar murhu da sharar tsakar gida kuma a tara su a juji, idan bazara ta yi a kwashe a mangala ko amalanke a kai gona a zuba tsibi-tsibi. Da wannan zagaye ne gonakin kewayen birnin Kano suka daɗe ana noma su kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba, suna kuma ciyar da jama'a mai yawa. Ka roƙi mai gidan ya tsaya da su a gindin gawo ya bayyana musu dalilin da ya sa manomi ba ya sare shi: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Yaron da ya ji wannan daga bakin mai gonar, yana kallon yadda shukar gindin bishiyar ta fi ta nesa kyau, ba zai manta ba.

Sharaɗin shi ne kada ku tafi da ɗabi'ar birni ku ɗora ta a kan gidan da ba a tsara shi don ita ba. Jarkar ruwa mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, kuma a yawancin gidaje yara ne suke ɗauko ta daga rijiya ko tuƙa-tuƙa, sau da yawa kafin su tafi makaranta. Idan mutum shida suka sauka kowa yana son wanka safe da yamma da cikakken bokiti, da hunturu kuma a ɗumama masa, to an ninka wa yaran gidan zirga-zirga, an kuma ƙone itacen da uwargida ta tanada don girkin mako. Mai gida ba zai taɓa faɗa maka ba, kunya da karamci ba za su bar shi ba, saboda haka kai ne za ka yi wannan lissafi. Ku yi wanka sau ɗaya da rabin bokiti, manyan 'ya'yanka su bi na gidan zuwa rijiya su ja guga da hannunsu, ko ka biya mai ruwa ya kawo kura ɗaya da za ta wadaci gidan gaba ɗaya. Ka tafi da ƙaramar tukunyar gas don dafa ruwan sha da na shayi, ku ci daga tukunyar da aka dafa wa kowa kada a hura wuta ta biyu dominku, ka bar janareta a gida ka riƙi fitila mai cajin hasken rana. Duk leda da roba da batir ɗin da kuka je da su, ku tara a buhu ku dawo da su. A ƙauye babu motar kwashe shara, juji kuma gona yake tafiya, akuya ko saniyar da ta haɗiyi leda kuwa takan rame har ta mutu.

Akwai wani abu da nake so ka faɗa wa yaranka a fili. Wani ɓangare na tattalin da za su gani hikima ce da aka gada, wani ɓangaren kuma rashi ne. Matar da take hura murhu da kara idanunta suna zubar da hawaye saboda hayaƙi, da ta sami gas da ta karɓa da farin ciki, kuma hayaƙin nan yana cutar da ƙirjinta da na goyon da ke bayanta. Su koyi hikimar, su kuma gane wahalar a matsayin wahala.

TAMBAYA: Malam, ni da maigidana mun sami gidan da za mu sauka a wajen Bichi, amma muna jin nauyin batun kuɗi. Idan mun biya kamar mun raina su, idan ba mu biya ba kamar mun ci da guminsu. Yaya za mu yi?
Daga wata uwargida, Gwale

AMSA: Hajiya, wannan damuwa taki ita ce alamar cewa za ki iya baƙunci. Bahaushen ƙauye ba ya karɓar kuɗin ɗaki, kuma idan maigidanki ya ciro kuɗi a zaure ya ce na masauki ne, zai kunyata mutumin a gaban jama'arsa. Amma al'adar da ta hana wannan ita ce kuma ta buɗe ƙofofi da dama. Ta farko ita ce ku aika da kayan cefane ta hannun wanda ya haɗa ku, kwana biyu ko uku kafin ku isa, ya zama ya ishi gidan duka har ya yi saura bayan tafiyarku: shinkafa, man girki, sukari, ganyen shayi, gishiri da sabulu. Kada ku manta cewa mai gida zai iya yanka zakaran da ya ajiye don wata larura saboda kawai ya fita kunyarku, don haka a gaya masa tun da wuri cewa tuwon dawa da miyar kuka da danwake da fura kuke marmari, kuma ku ci da gaske idan an kawo.

Ta biyu tsaraba ce, kuma a nan ne hankali yake aiki. Ki tambayi matan gidan nawa ne. Idan biyu ne ko uku, turmin atamfar da za ki ba wannan shi za ki ba waccan, iri ɗaya daraja ɗaya, in ba haka ba za ki tafi ki bar musu abin da zai daɗe yana ci. Idan akwai tsohuwa, ita ake fara gaisarwa, ita ake fara miƙa wa. Goro na dattawan ƙofar gida da liman, ranar tafiya kuma a ba wadda ta sha ɗawainiyar girki wani abu a hannunta a cikin ɗaki, ba a tsakar gida ba.

Ta uku, wadda na fi so a cikinsu, ita ce ciniki. Kusan kowace matar aure a ƙauye tana da sana'ar da take yi a cikin gida: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawa, kuka da kuɓewa busasshe, faifai da tabarmar kaba. Ki sayi abin da za ki yi amfani da shi a kuɗin da suka faɗa, ba tare da tayi ba. Wannan kuɗi na guminsu ne, babu mai jin kunyar karɓarsa, kuma kai tsaye hannun mata yake shiga. Abin da zan hana ki shi ne raba wa yaran gari kuɗi ko alewa a kan hanya. Idan kuna son yi wa yara alheri, ku kai littattafan rubutu da fensir ga shugaban makarantar firamare ko malamin tsangaya ya raba.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, ina karatu a Dutse, kuma ina sha'awar tsuntsaye da tarihi. Wane lokaci ne ya fi dacewa da irin wannan tafiya, kuma ina ya kamata in nufa?
Daga wani ɗalibi, Dutse

AMSA: Ɗana, lokacin da ya fi shi ne daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, wato daga Oktoba zuwa Janairu. A lokacin rumbu ya cika, mai gida yana da abin da zai ba baƙo ba tare da ya taɓa rabon 'ya'yansa ba, sauro ya ragu, hanya ta bushe, ga aiki da za ka sa hannu a ciki kamar roron wake, cirar gyaɗa, yankan dawa, ɗaurin dami da sussuka. Watan Agusta, wanda ya zo daidai da dogon hutun makaranta, shi ne mafi kyaun gani saboda kore, amma shi ne mafi tsanani ga manomi, domin tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, kowa kuma yana gona tun asuba. Wanda ya ga dole sai lokacin zai je, ya tafi da abincinsa da na masu gida. Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, rijiyoyi su ja baya, ban ba da shawarar a ƙara musu baki a kan ruwa ba.

Tun da tsuntsaye kake so, ka nufi ƙasar Haɗeja. Dausayin Haɗeja da Nguru yana cikin manyan wuraren da tsuntsayen Turai suke sauka idan sanyi ya kore su, kuma da hunturu ne suka fi taruwa. Dajin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma an sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2008. Ka nemi masauki a gidan masunci ko mai noman shinkafa, ka biya wani ɗan gari ya shiga da kai a kwalekwale da sassafe, za ka ga ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da belbela, ban da baƙin da suka ƙetaro hamada. Kada ka tsaya ga kallo kawai, ka zauna da dattawa ka tambaye su yadda ruwa yake a da. Za su ba ka labarin yadda ambaliyar da take shayar da fadama ta canja bayan an gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, da yadda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki ta kuma zama maɓoyar tsuntsun jan baki mai cinye shinkafa, da irin ɓarnar da ambaliyar 2022 ta yi musu. Idan daga baya ka je Kura ko Kadawa ka ga tumatir da albasa da alkama da ruwan Tiga yake rayawa da rani, za ka fahimci cewa kogi ɗaya ne, amfanin na sama da asarar na ƙasa a haɗe suke. Wannan darasi ya fi ƙidayar tsuntsaye daraja a wurina. Ina kuma roƙonka kada ka sayi tsuntsun da aka kama, ko da niyyar sakinsa, domin sayenka ne zai sa a sake ɗana tarko gobe.

Na tarihi kuma kusa da kai yake. A Birnin Kudu akwai zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe, da duwatsun da suke amo idan an buga su. Kada ka taɓa zanen, kada ka rubuta sunanka a kusa da shi. Ka kuma daidaita tafiyarka da ranar kasuwa: Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Gujungu da Dambatta ranar Lahadi. Kafin ka nufi kowane daji, musamman wajen Falgore wanda ya yi fama da ɓarayin shanu a shekarun baya, ko garuruwan bakin iyaka, ka tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a makon, kuma kada dare ya same ka a hanya.

TAMBAYA: Ina tsoron yarana su kamu da ciwo. Me zan tanada?
Daga wata mahaifiya, Hotoro

AMSA: 'Yar'uwa, tsoron yana kan hanya, amma maganinsa ba shi da tsada. Gidan sauro mai magani ga kowa, ko da hunturu ne. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ko a sa masa maganin kulorin na tsaftace ruwa, a zuba a gorar da za a riƙa cikawa, maimakon jibgo ledojin ruwa. Ki riƙi ORS, wato haɗin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa, da sinadarin zink saboda gudawa, da sabulun wanke hannu. Abin da iyaye suka fi mantawa shi ne tsargiya: kada yara su shiga wanka ko wasa a kududdufi, ko magudanar noman rani, ko ruwan fadama mai kwanciya, ko da sun ga yaran gari suna yi, domin ƙwayar cutar ta fata take shiga, fitsarin jini kuma sai bayan makonni yake bayyana. Su sa takalmi rufaffe a gona, su riƙi fitila da dare, kada su cusa hannu a ƙarƙashin dami ko tarin kara saboda kunama da kububuwa. Idan maciji ya sari mutum, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana shi motsi a garzaya da shi babban asibiti. Ki san inda asibiti mafi kusa yake da mai abin hawan da za a kira tun ranar da kuka isa. Duk zazzaɓin da ya taso bayan kun dawo, a yi gwajin jini, a kuma gaya wa likita inda kuka je.

TAMBAYA: Malam, ni manomi ne a ƙasar Ringim. Ɗana da ke birni ya ce in gyara ɗakuna biyu in riƙa karɓar baƙi masu biya. Ina son ƙarin abin shiga, amma ina gudun abin da zai taɓa mutuncin gidana. Mene ne shawararka?
Daga wani manomi, Ringim

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Babu aibi a cikin wannan sana'a idan an bayyana ta a matsayin sana'a tun farko, domin fatauci ya daɗe da sanin mai masauki wanda ake sauka a gidansa a kuma sallame shi. Abin da yake ɓata irin wannan harka shi ne a bar ta a tsakani, baƙo yana ganin ya biya, mai gida yana ganin alfarma ya yi. Saboda haka ka yanke kuɗin kwana da na abinci, ɗanka ya faɗa wa baƙo kafin ya taso, ka kuma sanar da dagaci, kada ka karɓi wanda babu mai tsaya masa.

Ka fara shawara da iyalinka, domin nauyin girki da shara da ruwa a kansu zai sauka, kuma a ware musu kasonsu a fili, kowace ranar girkinta. Ɗakunan baƙi su kasance ta wajen zaure da makewayinsu daban, mai murfi da buta da sabulu, nesa da rijiya, ta yadda namiji baƙo ba shi da dalilin ƙetare shigifa. Ka kafa doka a kan hoto: ba a ɗaukar matan gida ko yara, ko a sa su a Facebook da TikTok, sai da izninsu da naka, kuma wadda ta ce a'a magana ta ƙare.

Game da gyaran, ina ba ka shawara kada ka rushe ɗakin ƙasa ka yi na bulo da kwano don kawai ka burge baƙi. Katangar ƙasa mai kauri tana riƙe sanyi da rana ta riƙe ɗumi da dare, abin da mutumin birni ya rasa ke nan yake nema. A yi yaɓe mai kyau, a gyara indararo, a yi daɓe, a sa raga a taga, a shimfiɗa sabuwar tabarma da katifa mai tsafta. Ka taƙaita baƙi ga iyali ɗaya a lokaci guda, ka rufe ƙofa a tsakiyar damina lokacin da gona take bukatarka, da kuma ƙarshen bazara idan ruwa ya yi ƙasa, don kada maƙwabta su ga baƙinka ne suke ƙarar musu da rijiya. Daga abin da ka samu a kakar farko, ka cire wani abu ka sa a gyaran tuƙa-tuƙar unguwa, ka kuma sayi dashen ɗorawa da tsamiya ka dasa a bakin gona da farkon damina, ka kewaye su da ƙaya saboda awaki.